Me ya haɗa ɗan Garwa da Pitowa da tarihin kisan Yahudawan Turai?



Tun shekarar 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 27 ga Janairu don tunawa da kisan ƙare dangin da gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus ta yi wa Yahudawan Turai. An zaɓi ranar ne saboda a irinta, a 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga sansanin gwale-gwale na Auschwitz da ke ƙasar Poland, inda aka hallaka mutum kusan miliyan 1.1. Ƙudurin da ya kafa ranar ya kuma nemi ƙasashe su riƙa koyar da wannan tarihi a makarantu. A nan arewacin Kamaru ranar takan wuce kamar kowace rana, kuma mun san amsar da da yawa daga cikin 'yan'uwa za su bayar in aka tayar da zancen a ƙofar masallaci: ina ruwanmu da kukan Yahudawa, alhali ga yaran Gaza ana tono su daga ƙarƙashin gini? Tambaya ce mai nauyi, za mu zo kanta. Amma ra'ayinmu shi ne a koyar da wannan tarihi, a makarantun boko da na Islamiyya, kuma mu Musulmin arewa muna cikin waɗanda suka fi kowa buƙatar saninsa a ƙasar nan.

Mu fara da abin da ya faru a gida. Ranar Lahadi 3 ga Fabrairu 2019, kwanaki kaɗan bayan kama jagoran adawa Maurice Kamto a Duwala, ƙaramin ministan shari'a Jean de Dieu Momo ya bayyana a gidan talabijin na gwamnati, CRTV. Yana gargaɗin Bamileke, ƙabilar da shi kansa ya fito daga cikinta, sai ya kawo misalin Jamus. Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne, wai a can an yi wasu mutane masu dukiya da suka riƙe tattalin arziki, girman kansu ya ɓata wa Jamusawa rai, har Hitler ya zo ya zuba su a ɗakunan iskar guba. Ofishin jakadancin Isra'ila a Yawunde ya yi tir, kakakin gwamnati René Emmanuel Sadi ya fitar da sanarwar nesanta gwamnati daga maganar, minista kuma ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Abin lura shi ne Momo ba jahili ba ne. Lauya ne, ya san sunan Hitler, ya san an yi ɗakunan guba. Abin da ya ɗauko daga tarihin shi ne ainihin ƙaryar da masu kisan suka yi amfani da ita: cewa wanda aka zalunta shi ya ja wa kansa. Ya juya darasin ya zama barazana ga wata ƙabila ta ƙasarsa. Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin manhajar tarihi ta makarantunmu na sakandare, yaro yakan haddace shekaru da sunayen janarori ya zuba a takardar jarrabawa. Irin wannan hadda ce ke haifar da masu magana irin ta Momo. Abin da ake buƙata shi ne yaro ya fahimci yadda aka bi, taki bayan taki, har maƙwabci ya daina ganin maƙwabcinsa a matsayin mutum.

Ga yadda aka bi. Lokacin da Hitler ya hau mulki ranar 30 ga Janairu 1933, Yahudawan Jamus kusan 500,000 ne, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. Yawancinsu Jamusanci ne harshensu, dubbai daga cikinsu sun mutu suna yi wa Jamus yaƙi a 1914 zuwa 1918. Ƙasar tana fama da raɗaɗin shan kaye da rashin aikin yi, sai aka nuna wa talaka wanda zai ɗora wa laifi. Ranar 1 ga Afrilu 1933 aka ce kada kowa ya yi sayayya a shagon Bayahude. Mako guda bayan haka aka fara korarsu daga aikin gwamnati. A Satumban 1935 dokokin Nuremberg suka cire musu cikakken 'yancin zama 'yan ƙasa, suka haramta auratayya da su. A daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙona wuraren ibadarsu aka farfasa shagunansu, sannan aka ci su tarar ɓarnar da aka yi musu. Duk tsawon wannan lokaci jaridar Der Stürmer tana zana su da siffar ɓeraye da macizai, littattafan yara suna koyar da cewa Bayahude guba ne. Masu neman gudu kuma sun tarar da ƙofofi a rufe: ƙasashe 32 sun taru a Evian ta Faransa a 1938, kusan dukansu suka ce ba su da wurin karɓar ƙarin baƙi.

Kisa na gayya bai soma ba sai bayan shekara takwas da hawan Hitler. A kwana biyu kacal na ƙarshen Satumban 1941, an harbe mutum 33,771 a kwazazzabon Babi Yar kusa da Kyiv, kuma lissafin na su masu kisan ne. Ranar 20 ga Janairu 1942 manyan ma'aikatan gwamnati suka zauna a Wannsee, bayan gari a Balin, suka tsara aikin kamar masu tsara jigilar auduga. Kafin a gama yaƙi an kashe Yahudawa kusan miliyan 6, kimanin miliyan 1.5 daga cikinsu yara ne. An haɗa da 'yan ƙabilar Roma, da naƙasassu, da fursunonin yaƙi. Wannan aiki bai yiwu ba sai da direban jirgin ƙasa, da akawu mai rubuta sunaye, da malamin makaranta, da likita, da maƙwabcin da ya saye kayan gidan da aka kwashe a farashi mai sauƙi. Bayan yaƙi kotun Nuremberg ta yanke wa Julius Streicher, mai jaridar nan, hukuncin rataya, duk da cewa alƙalami ne makaminsa. Masu riƙe da waya suna tura saƙo a WhatsApp su yi tunani a kan wannan.

Ba muna cewa Kamaru ta yau ita ce Jamus ta 1933 ba. Wanda ya kwatanta kowace rigima da Auschwitz ya raina waɗanda suka mutu a can, kuma ya kasa fahimtar rigimar da ke gabansa. Amma takun farko na wannan hanya, wato laƙabi da jam'u da ɗora wa jama'a laifin mutum ɗaya, mun san su sarai, domin an yi mana, mu ma mun yi wa wasu.

An yi mana. Bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, wanda wasu dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa suka yi, an kama 'yan arewa da yawa, soja da farar hula, an harbe gommai bayan shari'ar soja ta gaggawa, wasu suka shafe shekaru a kurkuku har zuwa afuwar 1991. Dattawan Garwa suna tuna lokacin da sunan mutum da garin haihuwarsa suka isa a tuhume shi. Da Boko Haram ta tsallako daga 2013 zuwa 2014, Barebarin Mayo-Sava da ɗaliban tsangaya suka zama abin zargi a shingen bincike. A kudu har yau ana jam'inmu da suna ɗaya, Hausa ne kai ko Bafulatani ko Kotoko, wasu a intanet kuma su kira 'yan arewa tumaki. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu yana nuna sojoji suna harbe mata biyu da yaransu biyu a kusa da Zelevet, a Mayo-Tsanaga, bisa zargin cewa 'yan Boko Haram ne. Kakakin gwamnati na lokacin, ɗan garin nan Issa Tchiroma Bakary, ya fara cewa labarin ƙarya ne. Daga baya aka kama sojoji, kuma a Satumban 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Mun ambaci sunansa ne da gangan, ba don siyasa ba: shi ma ya yi shekaru a kurkuku bayan 1984, amma da ya zauna a kujerar gwamnati musu ne ya fara fitowa daga bakinsa. Shan zalunci ba ya yi wa mutum rigakafin kare zalunci.

Maƙwabtanmu na Afirka ta Tsakiya sun ga inda hanyar take kaiwa. Bayan ta'asar da 'yan Seleka suka yi a 2013, 'yan Anti-balaka suka ɗora laifin a kan kowane Musulmi, mai shago da makiyayi da jariri. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira abin da ya biyo baya share wata al'umma daga ƙasa, kuma a 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar ta ce an rusa masallatai 417 daga cikin 436. Waɗanda suka tsira suna nan a sansanonin gabashin Kamaru da Adamawa, wasu sun zama maƙwabtanmu a Ngaundare da Garwa. A garin Bossemptélé wani limamin Katolika, Bernard Kinvi, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a harabar cocinsa da asibitinsa, yana sane cewa za a iya kashe shi.

Mu ma mun yi wa wasu, kuma wannan ɓangaren ne ba ma son ji. Ranar Lahadi a kasuwar Pitowa za ka ga Fali daga gindin dutsen Tinguelin, da Gidar, da Mundang, da Tupuri, da Fulani da Hausawa, ana ciniki lafiya. Amma da wane suna muke kiran rabinsu in sun juya baya? Kirdi, arna, haɓe. (Bahaushe ya kamata ya fi kowa jin nauyin kalmar ƙarshen nan, domin shi ma da ita aka kira shi.) Kalmomin suna da tarihi a bayansu. Hamman Yaji, lamiɗon Madagali, ya bar littafin ajiyar tarihinsa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, yana lissafa hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsun Mandara da yawan bayin da aka kamo, a jere da shanu da dawakai. Jikokin waɗancan mutane su ne abokan karatun 'ya'yanmu a jami'o'in Marwa da Garwa, kuma ba su manta ba. A Ngarbuh ta yankin Arewa maso Yamma, ranar 14 ga Fabrairu 2020, an kashe fararen hula, akasarinsu yara; ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutum 21 ne, kuma akwai Fulani masu makamai tare da sojojin da suka yi aikin. Cewa Mbororo'en yankin su ma sun sha kisa da satar shanu a hannun 'yan aware gaskiya ne, amma bai wanke jinin yaran Ngarbuh ba. A Disamban 2021 kuma, rigimar ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta Musgum a yankin Logone-Birni ta kai har Kusiri. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 44 da aka kashe, ƙauyuka 112 da aka ƙona, mutum kusan 100,000 da suka gudu, yawancinsu zuwa Cadi. Da yawa daga ɓangarorin biyu alƙibla ɗaya suke fuskanta. Bayan zaɓen 12 ga Oktoba 2025 da jinin da aka zubar a Garwa da Duwala, kowa ya ga irin kalaman da suka cika Facebook, ana zagin ƙabila sukutum saboda ƙuri'ar da ake zaton ta jefa.

Yanzu ga batun Gaza. Fushin jama'a yana kan gaskiya. Tun bayan harin 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe mutum kusan 1,200 a Isra'ila, ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga Falasɗinawa fiye da 60,000 da aka kashe, an rusa asibitoci da makarantu, an hana abinci shiga. Kafin wannan akwai korar Falasɗinawa sama da 700,000 a 1948. Kuma ɗan Kamaru yana da ƙarin dalilin zargi: ƙasarmu ta maido hulɗa da Isra'ila tun 1986, tsofaffin hafsoshin Isra'ila ne suka horar da rundunar BIR, kuma Kamaru da Eritiriya ne kaɗai a Afirka ba su amince da ƙasar Falasɗinu ba. Don haka in aka ce a koyar da tarihin Yahudawa, mutum zai yi zaton wata dabara ce ta wanke Isra'ila. Ba mu musun cewa akwai 'yan siyasar da ke amfani da Auschwitz don toshe bakin mai sukar Isra'ila.

Sai dai mu duba da wane makami ake kare Falasɗinawa a yau. Ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila Kotun Duniya a Disamban 2023 ta dogara ne a kan Yarjejeniyar Hana Kisan Ƙare Dangi ta 9 ga Disamba 1948. Wanda ya ƙirƙiro kalmar da ake kiran wannan laifi da ita, ya kuma yi ta fafutuka har aka rubuta yarjejeniyar, shi ne Raphael Lemkin, lauya Bayahude ɗan Poland wanda 'yan Nazi suka kashe masa dangi gommai. Da wannan yarjejeniya Gambiya ta kai Myanmar ƙara a 2019 saboda Musulmin Rohingya. Da ita aka tabbatar cewa kisan Musulmi maza fiye da 8,000 a Srebrenica a Yulin 1995 kisan ƙare dangi ne. Washegarin amincewa da ita, 10 ga Disamba 1948, aka fitar da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya. Wanda ya ce kisan Yahudawa tatsuniya ce yana sare reshen da Falasɗinawa da Rohingya suke zaune a kai. Sannan daga cikin masu kakkausar murya a kan Gaza akwai Yahudawa: ƙungiyar kare haƙƙi ta B'Tselem a Isra'ila, da Omer Bartov, masanin tarihin kisan 'yan Nazi, dukansu sun fito a Yulin 2025 sun kira abin da ake yi da sunan kisan ƙare dangi. Sanin tarihin kakanninsu ne ya kai su ga wannan matsayi. Yarinyar da aka shaƙe da guba a 1943 ba ta ƙwace gonar kowa a Falasɗinu ba. Ƙasar Isra'ila ma ba ta wanzu ba a lokacin.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a nan ba. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu kauce wa adalci. Aya ta 164 a Suratul An'am ta kafa ƙa'idar cewa rai ba ya ɗaukar laifin wani rai. Bayan Alƙur'ani ya soki wasu daga Ma'abota Littafi, aya ta 113 a Ali Imrana ta bayyana cewa ba dukansu ne ɗaya ba. Aya ta 11 a Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙabobi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawa, da aka gaya masa ta Bayahude ce sai ya tunatar da sahabbai cewa ai rai ce. Mafi dacewa da zancenmu ita ce ƙissar da malaman tafsiri suka kawo a ƙarƙashin aya ta 105 zuwa 113 a Suratun Nisa'i: wani Musulmi daga gidan Banu Ubairiƙ ya saci sulke, ya ajiye a gidan wani Bayahude, danginsa suka zo suna neman Annabi (SAW) ya wanke nasu ya kama baƙo. Ayoyi suka sauka suna wanke wanda aka yi wa ƙazafi suna tona asirin ɗan gida. Yaƙe-yaƙen da aka yi da Banu Ƙainuƙa'a da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza suna cikin sira, ba a ɓoye su, amma rigingimu ne da ƙabilu sanannu a kan alƙawura sanannu. Mayar da su hukunci a kan jinin kowane Bayahude har tashin ƙiyama tunani ne na launin fata da asali, irin wanda huɗubar bankwana ta rusa.

Akwai wani babi a tarihinmu da ya kamata ɗaliban ilimi su karanta da natsuwa. Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, Allah Ya jiƙansa, malami ne da ƙasar Hausa ke girmamawa. Ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha a kan mulki wadda Shehu Usmanu da almajiransa suka amfana da ita. Kafin zuwansa nan, wajen shekarar 1492, ya yi fatawa cewa Yahudawan Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, sun warware alƙawarin zimma, ya jagoranci rusa wurin ibadarsu a Tamantit, aka kashe mutane, sauran suka watse. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, aka aika tambaya ga malaman Tilimsan da Fas da Tunis, wasu suka goyi bayan wannan wasu suka goyi bayan wancan, kuma al-Wansharisi ya tattara muhawarar a cikin al-Mi'iyar. A wannan shekara dai Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu yake buɗe ƙofofin daular Usmaniyya ga Yahudawan da aka kora daga Andalus. Girman malami ba ya hana a ce a wannan mas'ala muna ganin alƙali ya fi kusa da daidai. Ɗalibin da aka koya wa cewa magabata sun yi saɓani a kan haƙƙin marasa rinjaye ya fi ƙarfin tsayawa a gaban mai tunzura jama'a.

A zamanin Hitler ma Musulmi sun kasu. Muftin Ƙudus, Amin al-Husaini, ya gana da Hitler a Balin a Nuwamban 1941, ya yi wa Jamus farfaganda a rediyo, kuma a Yunin wannan shekara an kashe Yahudawa fiye da ɗari a tarzomar Bagadaza. Wannan ya faru, a faɗe shi. Amma a cikin Balin ɗin nan wani likita ɗan Masar, Muhammad Hilmi, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya har ƙarshen yaƙi. A Albaniya iyalai Musulmi da Kirista sun ɓoye baƙi bisa al'adarsu ta riƙon amana, har Yahudawan ƙasar suka fi yawa bayan yaƙi a kan kafinsa. A tsibirin Rhodes, ƙaramin jakadan Turkiyya Selahattin Ülkümen ya ceci gommai a 1944. A Sarayebo, malami Derviš Korkut ya ɓoye wata budurwa a gidansa, ya kuma ceci wani tsohon littafin ibadar Yahudawa daga hannun Jamusawa. A Aljeriya, da gwamnatin Vichy ta yi tayin a ba mutane riƙon dukiyar da aka ƙwace wa Yahudawa, limamai sun gargaɗi Musulmi daga kan mumbari kada su karɓa. Mutanen nan suna ƙarƙashin mulkin mallaka, talauci ya ishe su, ga dukiya a ɓagas, suka ƙi. Mu tambayi kanmu shanu da buhunan hatsi nawa aka saya da arha a kasuwanninmu bayan an ƙona wani ƙauye.

Wani dalilin da ya sa tarihin ya shafe mu shi ne Jamus ta taɓa mulkin ƙasar nan. Sojojinta sun ci Garwa a 1901, suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a kusa da Marwa a farkon 1902, suka zauna har Yunin 1915 da Ingila da Faransa suka fitar da su daga Garwa. A tsakanin nan, daga 1904 zuwa 1908, wannan daula ta hallaka dubban gomman Herero da Nama a Namibiya, ta kora su hamada ta tsare su a sansanoni, kuma a 2021 gwamnatin Jamus ta amsa a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne. Aƙidar fifikon jini da ta cinye Yahudawa ta sa baƙar fata a ƙasan tsani. A 1937 'yan Nazi sun yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa a Jamus dandaƙa ta dole. A Mayu da Yunin 1940 sojojin Hitler sun ware fursunoni baƙaƙe daga farare sun harbe su, a Chasselay da wasu wurare. Masana sun ƙiyasta tsakanin 1,500 da 3,000, kuma da yawansu Musulmin Afirka ta Yamma ne. Da Leclerc ya sauka Duwala a ƙarshen Agustan 1940, da 'yan Kamaru da Cadi ya kafa rundunar da ta haura hamada ta ci Kufra a Maris 1941. Kafin a shiga Turai aka cire baƙaƙen fata daga rundunar tasa. Malamin da ya fara darasi daga Garwa da Namibiya, ya bi ta Chasselay kafin ya isa Auschwitz, ba zai ji yaro ya ce masa wannan labarin Turawa ne ba.

Haka muke ganin ya dace a koyar da shi: tare da Ruwanda ta 1994, inda rediyo ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai, tare da Srebrenica da Bangi da Falasɗinu, kowanne da sunansa da ma'auninsa, ba gasar wa ya fi shan wuya ba. Kuma malaman Islamiyya su kula da wani littafi da ke yawo a wayoyin matasa da Larabci da Faransanci, wanda ake kira yarjejeniyoyin dattawan Sahayoniya. Ƙirƙirarre ne. An fara buga shi a Rasha a 1903, jaridar Times ta Landan ta nuna a 1921 cewa an kwafe shi ne daga wani tsohon littafin Faransanci da bai ma ambaci Yahudawa ba, 'yan Nazi kuma suka sa shi a makarantu. Al'ummar da ta gina ilimin isnadi don tace magana ba ta da uzurin yaɗa takardar da ba ta da asali. Wanda ya saba da cewa wata ƙabila a ɓoye take juya duniya, gobe zai yarda cewa Bamileke ne suka cinye kuɗin ƙasa, ko Fulani suna da shirin mamaye Afirka, domin ƙaryar ɗaya ce, suna kawai ake canzawa.

Tun 24 ga Disamba 2019 Kamaru tana da doka a kan cin mutuncin ƙabila: sashe na 241-1 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3, kuma hukuncin yana ƙaruwa in mai maganar jami'in gwamnati ne ko shugaban siyasa ko na addini ko na kafar yaɗa labarai. Limamai da masu wa'azi su sani cewa sashen ya ambace su. Amma ba mu ɗora fata mai yawa a kanta ba, domin doka irin wannan a hannun masu mulki takan fi saurin kama ɗan adawa a kan minista. Abin da ke hannunmu shi ne darasin sira na ranar Asabar, da zaman ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi a Garwa da Marwa da Ngaundare, da kwamitin masallaci da zai iya gayyatar malamin tarihi na makarantar sakandare ya yi awa ɗaya da matasa bayan la'asar, a zauna tare da wani dattijo da ya tsira daga Bangi ya ba da nasa labarin da bakinsa.